Gilashin Mai Agogo

"Ba ni gilashina, wanzamin banza!"

Mai Aski ya damƙe abin a tafin hannu, ya ja da baya har ya daki ƙofar ɗakin. Ɗan gilashin nan ne da masu gyaran agogo ke maƙalawa a kwarmin ido. Shekara talatin shagunansu na jingine da juna, bai taɓa ɗaukar ko tsinken maƙwabcinsa ba sai yau.

"Likita ya ce kada komai ya danne idon nan, Yaya. A gabana ya faɗa."

Hawan jinin ido ya riga ya cinye wa Mai Agogo na hagu. Na daman ma maganin ɗigawa ya gaza, shi ne kwana tara da suka wuce aka yi masa aiki, aka dasa wani bututu siriri kamar zare, don ruwan da ke taruwa ya sami hanyar fita. Tsohon ya rantse yana jin ɗigarsa cikin kai, ɗis, ɗis, wai har ya auna, yana lattin minti biyu a yini.

Aikin ya yi kyau, awon ido ya sauka. Zuciya ce ta ƙi. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi sai da ƙyar. A kan teburin gefen gado ga agogon marigayiya matarsa a buɗe, saura ɗan sukuru ɗaya ya tashi. 'Yarsa tana hanya, motarta za ta iso da la'asar, kuma so yake ya ɗaura mata shi yana tafiya.

"Mako shida ya ce ka jira," in ji Mai Aski.

"Dube ni da kyau. Ka ga mako shida a jikina?"

Mai Aski ya dubi gilashin da ke hannunsa. In ya bayar, tsohon zai cusa gilashin ya matse, yadda ya saba tun yana saurayi, bututun ya goce, yarinya ta zo ta tarar da uban da ba ya ganinta. In ya hana, ya san abin da ya hana.

Ya jawo kujera. "Naɗe hannun rigarka. Ni zan riƙe."

Ya tsai da gilashin a gaban idon, tazarar yatsa ɗaya, bai bari ya taɓa ko gashin ido ba. Hannun da ya shekara arba'in yana bin maƙogwaron mutane da aska ne ya riƙe shi.

"Tsaya cak mana! Haka kake yanke wa mutane kunne?"

"Yi aikinka, tsohon kawai."

Tsohon ya sa hantsaki ya ɗauki sukurun, ya suɓuce. Ya sake ɗauka. Kan tsohon ya riƙa matsowa, Mai Aski na janye gilashin a hankali, gumi na bin bayansa. Wani ruwa ya gangaro daga idon. Mai Aski ya yi maza ya leƙa. Ba ja ba ne, hawaye ne kawai.

Sai ga agogon ya tashi: cak, cak, cak.

Da la'asar 'yar ta shigo da jaka a kafaɗa, ta durƙusa a bakin gado. Ya daɗe yana kallonta.

"Ke, yaushe kika yi furfura a nan?"

Ta yi dariya tana kuka, ya ɗaura mata agogon da kansa.

Washegari da hantsi tsohon ya cika, Mai Aski na tsakiyar yi wa wani gyaran fuska.

Bayan kwana uku 'yar ta zo shagon yi masa sallama. Ya dubi agogon bango, ya dubi na hannunta.

"'Yata, naki yana lattin minti biyu."

"Na gani, Kawu."

Ta ja hannun rigarta ta rufe shi. Gilashin na nan a kan teburin shagon, tsakanin aska da buroshi, rana na ratsa shi.