Baba Wutsiya Bai Iso Gada Ba

"Wannan hanyar taku sai ta ci mutum," in ji Tela. "Na faɗa, kuma kowa ya ji."

Ya riƙe kan keken 'yarsa Auta da hannu biyu a ƙofar gida, tef ɗin awo a wuyansa, ko takalmi bai tsaya sakawa ba. Safiyar Asabar ce. Matasan layin sun jeru da kekunansu a gaban shagon maƙwabcinsa, tsohon mai gyaran keke da kowa ke kira Baba Wutsiya, saboda duk fitar da za su yi shi ne na ƙarshe.

Tsohon na durƙushe yana danna tayar Auta da babban yatsa. Ko ɗagowa bai yi ba.

"Haba Tela. Kai da ko keken ɗinkinka ya yi gudu sai ka kama salati."

Yaran suka fashe da dariya. Tela ya ji kunnuwansa sun yi zafi.

"Ka yi ta ba'a. Ka taɓa tsayawa ka ga yadda tifofin nan ke shan kwana? Naka 'ya'yan sun girma sun bar gari, shi ne ka tattara na mutane kana kai su daji kallon duwatsu."

"Ba daji ba ne, kwalta ce. Ka zo rana ɗaya ka gani. Akwai dutse kamar tukunya a kife. Akwai tafkin da balbelu suka rufe fari fat. In ka hau babban tudu, gonaki ne a ƙasa kamar an shimfiɗa maka yadi kala-kala."

"Yadin shagona ya ishe ni kallo."

"Baba, don Allah, ni ake jira," in ji Auta a hankali.

Ya kalle ta cikin hular kwanon da ta yi mata yawa. Ya saki keken.

"Da ƙafafunta biyu na ba ka ita. Haka nake so ka dawo min da ita."

"Tana gabana," in ji tsohon. "Duk wanda ke gabana, nawa ne."

Dokarsa ke nan, kuma ko mai sayar da ruwa a layin ya haddace ta. A gangara ba a waiwaye. Ido gaba, yatsu a kan birki, na baya ba ruwanka da shi, wannan aikin wutsiya ne. Wanda ya waiwaya, mako mai zuwa a gida zai zauna. In sun kai kan babban tudu, tsohon zai buga ƙararrawa su gangara, shi kuma ya tsaya ya more kallon kwarin, sai ya same su a tsohuwar gada.

Rana ta take, Tela na kan ɗinkin wuyan wata riga, ya farke shi ya sake ɗinkawa ya sake farkewa, sai ya ji hayaniyarsu. Ya fito da almakashi a hannu. Ya ga Auta. Ya sauke numfashi. Sai kuma ya dubi bayanta, babu kowa.

"Ina tsohon?"

"Yana tafe," in ji wani dogon saurayi da suke kira Zaƙwai. "Mun jira shi a gada har muka gaji. Ka san halinsa, yana can yana hira da balbelu. Ko ya yanke ta hanyar gonakin rake, yana yin haka."

"Wa ya koma ya duba?"

Yaran suka kalli juna.

"Tambaya na yi! Duk yawanku, wa ya koma?"

"Baba, shi ya ce..." Auta ta fara.

"Ya ce! Da ya ce ku faɗa rijiya fa?"

Ya jefar da almakashin, ya tare mai babur a bakin titi, ya ɗora Zaƙwai a tsakiya don ya nuna hanya. Sun wuce dutsen, sun wuce tafkin, Tela bai ga ko ɗaya ba. Idonsa na kan gefen kwalta.

A kwanar farko bayan kan tudu suka sami tsohon, a cikin kwalbati, ciyawa ta rufe rabinsa. Keken na gefe, tayar gaba ta lanƙwashe. Hular kwanon na kansa, a ɗaure tsaf. Wani manomi ya ce ya ga tifa ta wuce da safe, amma tifa kullum tana wucewa. A asibiti likita ya ce mai yiwuwa zuciya ce ta tsaya kafin faɗuwar, mai yiwuwa kuma faɗuwar ce ta zo farko.

"Mai yiwuwa," Tela ya maimaita. "Karatun da kuka yi ke nan? Mai yiwuwa?"

Da aka dawo daga binne shi, Tela bai zauna wurin zaman makoki ba. Ya shiga gida ya ɗauko sifana, wanda tsohon ne ma ya ara masa, ya kwance tayar gaban keken Auta, ya rataye ta a ƙusa saman teburin yankansa.

"An gama," ya ce. "Duk wanda ya ƙara ce min keke a gidan nan, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba."

Ba wanda ya ce. Auta kuwa ta shige ɗaki. Ta daina magana gaba ɗaya. Uwarta ta kai mata abinci, ta dawo da shi yadda yake.

"Malam, yarinyar nan tana ƙarewa fa," in ji uwar.

"Gara ta rame a ɗakina da a ɗauko min ita a kwalbati."

Haushin kowa yake ji. Haushin masu tifa, haushin yaran, haushin tudun. Amma wanda ya fi cin ransa haushin mamacin ne. In ya fito ya ga shagon a kulle, tsofaffin tayoyi a jingine da bango, sai ya tsaya yana magana shi kaɗai.

"Ka tsara wa kowa mai duba shi, kai wa ka bar wa kanka? Wayonka ke nan?"

Ana nan, matar marigayin ta aiko a kira shi. Ya same ta a tsakar gida, tana goge famfon keken mijinta da gefen zane.

"Tela, ina jin muryarka ta katanga kana faɗa da shi."

"Ki yi haƙuri, Yaya."

"Ba ka fi ni jin haushinsa ba. Tun ina amarya nake ce masa ya bar hanyar nan, yana ce min in zo in ga balbelu." Ta ajiye famfon. "Amma Auta ta shigo jiya. Ka tambaye ta abin da ta ji a kan tudu."

Ya sami Auta a bayan ɗaki, zaune kusa da keken mara taya.

"Me kika ji?"

Ta shafa sirdin keken.

"Ni ce a gabansa, Baba. Ya buga ƙararrawa muka gangara. Da na kusa kwana, sai na sake jin ta. Bai taɓa bugawa biyu ba. Wuyana ya so ya juya. Na tuna dokar. Ban waiwaya ba."

Tela ya buɗe baki zai yi faɗa, ya rasa wanda zai yi wa.

"Asabar za su fita," ta ce. "Ba su da wutsiya. Ni zan yi."

"Ke? Ta ƙarshe? Wurin da ya kashe shi?"

"In ban koma tudun nan ba, Baba, har in mutu ƙararrawar nan zan yi ta ji."

"To ki yi ta ji!"

Ya buga ƙofa ya fita. A shago ya yanka hannun rigar wani ya yi gajere, ya ɓata yadin mutane, ya zagi almakashi. Duk ɗagowar da zai yi, tayar na saman kansa.

Ranar Asabar yaran suka taru a gaban rufaffen shagon, ba dariya, ba ƙararrawa. Sai ga Tela ya fito da taya a hannu ɗaya, a ɗayan kuma ɗan madubin da yake ba masu ɗinki su duba bayan rigarsu. Ya durƙusa ya ɗaura tayar, ya matse ta har sifana na zame masa. Bai kalli Auta ba.

"Wa zai kasance a gabanta?"

Zaƙwai ya ɗaga hannu a tsorace.

"Kai, mai wuyan raƙumi, matso."

Ya ɗaure madubin a kan keken yaron da ƙyallen yadi, ya naɗa, ya ƙulle, ya ƙara ƙullewa da haƙori.

"Hau. Auta, koma bayansa. Kana ganinta?"

"Ina gani, Baba."

"Ba sai ka waiwaya ba. Amma in ta ɓace daga madubin nan ka ci gaba da tafiya, kar ka dawo layin nan. Ka nemi wani garin."

"Na ji, Baba."

"Ba ka ji ba tukuna. Ku ɓace min da gani."

Suka tafi a jere, Auta a ƙarshe. Tela ya tsaya a tsakiyar titi ba takalmi, tef a wuya, har suka sha kwana, madubin ya walƙa sau ɗaya a rana.

Bai koma kan ɗinki ba. Ya zauna a kan bencin tsohon, fuskarsa na kallon hanya. Har yau ba wanda ya san ko tifa ce ko zuciya, ba kuma wanda ya san ko ƙararrawa ta biyun kira ce ko hannunsa ne ya taɓa ta yana faɗuwa.