Injin Baba Mai Keke

Motar ta tsaya daidai ƙofar shago. Kafinta ya ajiye zarto, ya karkaɗe dusar katako daga gaban rigarsa. Mota irin wannan ba ta tsayawa don gyaran ƙafar kujera. Kafin matar da ke ciki ta gama sauke gilashi, har ya auna mata gado da durowa a zuciyarsa.

"Sannu da aiki, malam. Don Allah nan ne wurin tsohon nan mai yin kwanonin katako?"

Murmushin da ya shirya ya maƙale masa a rabin fuska. Ya nuna ƙofar da ke manne da tasa da haɓa.

"Ga shi nan. Ki buga da ƙarfi, kunnensa ɗaya ya yi ritaya."

Ta yi godiya ta wuce, ba ta ko kalli kujerun da ya jera a bakin hanya ba. Ita ce ta uku a wannan makon.

Shekara talatin da ɗaya Kafinta yana aiki a layin nan. Da wuya ka shiga gida ba ka tura ƙofar da ya yi ba, ko ka zauna a bencinsa. Maƙwabcin nasa kuwa, wanda kowa ke kira Baba Mai Keke, gyaran keken ɗinki ya yi duk rayuwarsa, har idonsa ya daina ganin ƙananan noti. Da ya ajiye aikin, zama ya ishe shi, sai ya haɗa wani abu a ɗakin ƙofar gidansa da tsohon injin famfo da bel. Yakan ɗaure guntun katako a jiki, injin ya riƙa juya shi da gudu, shi kuma ya kanga masa bakin ƙarfe mai kaifi yana fere shi a hankali, har siffar da yake so ta fito.

Katakon kuwa daga shagon Kafinta yake fitowa. Shi da bakinsa ya ce, "Kwashe, Baba, ka rage mini shara." A lokacin dariya abin yake ba shi, tsoho da wasan yara. Duk yammacin Asabar Baba zai shigo da buhunsa, ya tsuguna gindin teburin aiki yana tsintar guntaye, yana juya kowanne yana shinshinawa kamar mai zaɓen turare.

Dariyar ta ɗauke ne ranar da Kafinta ya ga abin da ke fitowa daga buhun. Baba yakan manne guntaye da gam, ja da fari da baƙi, ya fere su wuri ɗaya, sai ga kwano mai zobe-zobe, bakinsa siriri har kana ganin hasken rana ta jikinsa. Ya yi tulun furanni, ya yi gurbin kyandir, ya yi ƙananan gwangwanaye masu murfi, waɗanda in ka rufe sai ka ji iska ta fita da ɗan huci. Mutane suka fara zuwa daga wasu unguwanni. Wani ma ya kira shi injiniya a gaban Kafinta.

Abin har cikin gidansa ya biyo shi. Matarsa ta ɗora wani kwanon Baba a kan kabad ɗin falo, kabad ɗin da Kafinta ya yi sati uku yana haɗawa. Duk baƙuwar da ta shigo sai ta ɗauki kwanon ta shafa.

"Kai, wa ya yi wannan? Kamar a lashe!"

"Kabad ɗin fa?" in ji Kafinta wata rana, bayan baƙi sun tafi. "Shi daga sama ya faɗo?"

Matar ta dube shi ta gefen ido tana kwashe kofuna. "Baban yara, kishi kake da tsoho?"

"Ni? Da sharata zan yi kishi?"

"To ai ban ce komai ba."

Asabar ɗin da ta biyo bayan zuwan mai motar, Baba ya shigo da buhunsa ya tarar gindin tebur a share tas.

"Oga Kafinta, yau gara ta riga ni ne?"

"Mai abincin bakin titi ce ta kwashe. Ita ma tana bukatar na hura wuta."

Baba ya leƙa waje. Daga nan ana hango murhun matar, da wani jan guntun madaci yana ci da wuta. Ya daɗe yana kallonsa.

"Wancan da ya yi murfi mai kyau," ya ce. Ya naɗe buhun ya sa a hammata. "Allah ya ba da sa'a, maƙwabci."

Bai sake zuwa da buhu ba, bai kuma fasa gaisuwa ba. Kafinta ya riƙa ganinsa yana dawowa daga yawo da karyayyar kujera a kafaɗa, ko ƙotar fartanya, ko reshen da iska ta kayar. Yana tafiya yana tsayawa, yana dafa bango. Kuma kukan injin bai daina ratso bangon da ya raba su ba. Mafi kyawun guntayen ma Kafinta bai ba mai abinci ba. Hannunsa ya kasa. Ya zuba su a kwali ya tura bayan allunan da ke jingine, inda ba mai gani.

Da farko injin yakan yi daga hantsi har azahar. Sai ya koma awa ɗaya. Sai ya zama ya tashi, ya yi ɗan jim, ya mutu. Ranar da bai tashi ba gaba ɗaya, Kafinta ya yi aiki da wani irin sauƙi a ƙirji, har da 'yar waƙa. Sai da ya kama kansa yana waƙar ya yi shiru.

Kwana huɗu babu motsi. Matarsa ta tare shi a bakin ƙofa da safe.

"Duk layin nan sun shiga duba Baba, saura kai. Zuciyarsa ce, ƙafafunsa sun kumbura kamar turmi. 'Yarsa ta baro makarantar da take koyarwa ta dawo jinya. Bango ɗaya ne tsakaninku, baban yara. Me zan ce in an tambaye ni?"

Ya shiga da hantsi. Ɗakin yana warin magani da man katako. Baba yana jingine da matasai uku, ya rame har kunnuwansa sun yi girma. 'Yar tasa ta jawo kujera.

"Zauna, Kawu."

Ya zauna, ya gane kujerar aikin hannunsa ce, ta shekara ashirin, ko motsi ba ta yi.

"Yaya jiki, Baba?"

"Jiki ya ce ya gaji da ni. Oga Kafinta, dama kai nake jira. Akwai kwano a kan injin, na ƙare bayansa, saura ciki. Na wata yarinya ce mai shirin aure, na yi mata alkawari. Hannun nan ya ƙi riƙe ƙarfe. Ka ƙarasa mini."

Kafinta ya dubi wajen ɗakin da injin yake. Ya daɗe yana faɗa wa kansa cewa in ya ga dama zai yi wanda ya fi na Baba, lokaci ne kawai ba shi da shi.

"Wannan ai ba wani aiki ba ne," ya ce.

Suka tallafi tsohon zuwa ɗakin ƙofa, 'yar tana faɗa tana cewa likita ya hana. Suka zaunar da shi kusa da taga. Kafinta ya kunna injin, ya zaɓi ƙarfe, ya gyara tsayuwa. Kwanon ya juya har zobensa suka narke suka zama launi ɗaya. Ya kanga ƙarfen.

"Sassauta," in ji Baba. "Sauke gwiwar hannunka. Kar ka tura, bari shi ya zo maka."

"Na sani."

"Kana danna shi kamar mai buga ƙusa. Sassauta, maƙwabci."

"Baba, shekara talatin ina..."

Ƙarfen ya cafki katakon. Aka ji ƙas, kwanon ya tsage biyu, rabi ya daki kwanon rufi, rabi ya gangara ƙarƙashin kujerar Baba yana rawa har ya kwanta. Kafinta ya kashe injin.

Sai Baba ya fashe da dariya. Dariyar ta koma tari, 'yarsa ta riƙe shi tana shafa masa baya, shi kuwa hawaye na zuba yana nuna rufin.

"Ka ga tsalle! Wallahi ni ma haka..." Tarin ya hana shi ƙarasawa.

Kunnuwan Kafinta suka yi zafi. A gaban yarinyar da aka haifa yana riƙe da zarto ake masa dariya.

"Injin ne ba daidai ba," ya ce. "Abin da aka haɗa da tarkacen famfo."

"Haka ne," in ji Baba, yana mayar da numfashi. "Gobe ka dawo mu sake. Ka zo da katako mai kyau. Na san kana da shi."

Bai koma washegari ba. Bai koma jibi ba. Yakan jawo kwalin daga bayan alluna, ya zaɓi guntayen madaci da na farin katako, ya jera su a tebur ya ga sun dace, sai dariyar nan ta dawo masa a kunne, ya mayar. A rana ta uku ya ɗaure su da igiya ya ce bari ya gama rataye ƙofar wani mai shago tukuna. Yana dawowa wajen ƙarfe goma sha ɗaya, da guduma a hannu, ya hango takalma sun taru a ƙofar Baba, ya ji muryar matarsa a cikin masu kuka.

Aka yi abin da ake yi, aka kai shi, aka dawo. Kafinta ya fito da duk bencin da ke shagonsa ya jera wa masu zuwa gaisuwa. Ya zauna a ƙarshe yana karɓar hannu. Hira ta koma kan mamacin, kowa da nasa labarin. Mai shagon magani ya ce gwangwanin da Baba ya yi masa har yau murfin bai saki ba. Wani direba ya ce ya kai wa surukarsa tulun furanni, tun daga ranar ta daina harararsa. Aka yi 'yar dariya, aka yi masa addu'a.

"Hannu ne Allah ya ba shi," in ji wani dattijo. "Daga shara fa! Abin da wasu ke zubarwa."

Kafinta ya sunkuyar da kai. Mutum yana kwance a ƙasa tun ɗazu, amma abin nan na ƙirjinsa bai mutu ba, yana nan yana motsi kamar tsutsa a cikin allo. Ya ji kunyar kansa har ya kasa ɗaga ido ya dubi 'yar marigayin.

Bayan mako guda ta leƙo shagon da la'asar.

"Kawu, zan koma bakin aiki. Mai gidan da muke haya yana son ɗakin ƙofa. Ni ban san yadda ake kwance injin nan ba, ina tsoron wayar wuta."

"Je ki, Malama, ina zuwa."

Ya ɗauki sifana ya shiga shi kaɗai. Ba a taɓa komai ba. Feren katako ya rufe ƙasa, laushi kamar katifa. Ya zare waya, ya sauke bel, ya durƙusa zai kwance notin da suka riƙe injin da tebur, sai gwiwarsa ta bugi kwali. Ya jawo shi. A bayansa akwai wani, a bayan wannan ma akwai wani, har guda biyar, jere da bango.

Fasassun kwanoni ne. Wani ya tsage biyu, wani gindinsa ya ɓule, wani ya karkace kamar bakin mai shanyewar jiki. Na kwalin can ciki, waɗanda ƙura ta fi rufewa, kauri gare su kamar turmin yara, duk jikinsu saran ƙarfe. A gindin kowanne Baba ya rubuta kwanan wata da fensir, da 'yar magana. Na matsa da yawa. Gam bai bushe ba. Na yi sauri. Na sake yin sauri.

Kafinta ya zauna dirshan a kan feren katakon. Ya riƙa ɗauko su ɗaya bayan ɗaya, yana gane katakonsa. Wannan ragowar durowar matar likita ce. Wannan daga teburan makaranta. Wannan jan, daga gadon da ya yi wa babbar 'yarsa. Ya ɗaga wani da ya fashe a baki, ya shafa cikinsa da babban yatsa. Ko a fashen ma, santsinsa ya fi ƙarfin hannunsa, ya kuma san haka.

"Kawu," muryar Malama ta zo daga tsakar gida, "na zuba maka shayi, kar ya huce."

"Ina zuwa, 'yata."

Bai tashi ba. Rana ta sauko ta tagar, ta kwanta a kan gwiwoyinsa da fasassun kwanonin da ya jera kewaye da shi. Ya hure ƙurar gindin wani, ya matso da shi kusa da ido yana neman karanta abin da fensirin ya ce.