Wa'adin Wata Shida

A ma'aikatarsu, kowa Baba Kar-a-yar yake ce masa. Shi ke kula da babbar kwamfutar nan mai tsayin firji da ke ɗakin sanyi. Duk aikin da ta yi sai ta rubuta tarihinsa a fayil, fayilolin kuwa suka taru har ta fara nishi. Manaja ya sa aka saita mata wa'adi: duk fayil ɗin da ya yi wata shida ba a buɗe shi ba, ta share shi da kanta.

Baba ya koma gida rai a ɓace, ya kai ƙara wajen matarsa.

"Ki ji zalunci, Maman yara. Abu yana zamansa, bai ci na kowa ba, wai don ba a taɓa shi ba sai a share!"

"Da kanta take sharewa?"

"Ko sallama ba ta yi."

"Kai, wannan na'ura 'yar albarka ce," in ji ta, idonta a kan ƙofar sito.

Sito ɗin nan shi ne ran Baba. Akwai fanka marar fiffike, rediyo marar murya, takalma ƙafa ɗaiɗai, da hular kwano ta babur ɗin da ya sayar tun yara na rarrafe. Ita kuwa ta daɗe tana neman inda za ta kafa keken ɗinkinta.

"Maigida, dokar ofishinku ta shigo gidan nan. Abin da ya yi wata shida ba a yi amfani da shi ba, waje."

Baba ya yi murmushi. Ai ya san lagon dokar: da an taɓa fayil, lissafi ya koma farko.

Tun daga ranar ya tare a sito. Yana dawowa aiki sai ya zauna a kan tsohuwar taya, ya kara mataccen rediyo a kunne, yana juya fankar da yatsa.

"Maman yara, zo ki shaida! Ina amfani da ita!"

"Na gani. Allah ya ƙara sanyi."

Ofis ma da takalman yake zuwa, ɗaya baƙi ɗaya ja, ga hular kwano a ka alhali a bas ya zo. Manaja ya tambaye shi ko lafiya, ya ce kariya ce.

Ranar da wa'adi ya cika, Baba ya dawo yana taƙama. Ya leƙa sito, ko ƙusa ba ta ɓata ba. Ya ce yau kam zai huta a falo kamar mutane.

Ya shiga ya tsaya cak. Babu kujerarsa mai laushi, wadda ko baƙo ba ya bari ya zauna a kai. A gurbinta ga keken ɗinki yana ta kar-kar-kar.

"Ina kujerata?"

"Yaushe rabonka da zama a kanta?" in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba. "Ƙanenka ya zo da kurar ɗaukar kaya ya kwashe, har da sababbin takalmanka. Yana ta sa maka albarka."

"Ba ki ko sanar da ni ba!"

"Kai ka ce ba a sallama."

 Baba ya fita, ya mirgino tayarsa har tsakiyar falo, ya zauna yana kallonta.

"Yauwa," ta ce. "Matso ka riƙe mini bakin yadin nan, kada kai ma wa'adinka ya cika."