Ƙafafun Kujerar Auta

Mahaifina kafinta ne, irin mutanen nan da ba su yarda akwai matsalar da ta fi ƙarfin guduma da ƙusa ba. Shi ya sa da autata ta kamu da ciwon kumburin tsoka ya rasa inda zai sa kansa. Shekararta tara. Ciwon ya fara da jan ƙuraje a fatar ido da gaɓoɓin yatsu, ya sauka cinyoyi da kafaɗu, har ta kai in ta zauna sai an ɗago ta. Ranar da malamarsu ta ɗaga ta daga benci a gaban 'yan aji, ta dawo gida ta ce ita da makaranta sai ranar da za ta miƙe da kanta. Na san ba wasa take ba, taurin kan kakanta ta kwaso kaf.

Da magani ya fara kwantar da kumburin, likita ya tura mu wurin malamar motsa jiki ta asibiti. Ta ba mu takarda: safe da yamma Auta ta zauna a kujera, ta rungume hannuwa a ƙirji, ta miƙe ta koma, a rubuta sau nawa ta iya. Ni ina fita aiki, sai Baba ya ce a bar masa.

Makon farko sau biyu ta iya. Mako na biyu shida. Na uku sha ɗaya! Babu ɗan'uwan da ban buga wa waya na ba shi labari ba.

Ranar komawa asibiti Malama ta zaunar da ita a kujerarsu. Auta ta yunƙura ta miƙe sau ɗaya da ƙyar, na biyu ya gagara. Malama ta dubi takarda, ta dube ni. Kunya ta kama ni, tsoro kuma ya fi kunyar, don na ɗauka ciwon ne ya dawo.

"A wace kujera take yi a gida?" in ji Malama.

Na juya wurin Baba. Ya duƙufa yana nazarin ƙofar ɗakin, wai an ɗaura ta a karkace.

Auta ce ta tona shi. "Kaka ya yi wa kujerar takalma."

Ashe duk mako sai ya ƙara guntun katako a ƙasan ƙafafun, ya goge, har fenti yake shafawa don kada in gane. Kujera na tsawo, tashi na sauƙi, ni kuwa ina ta yaɗa albishir.

"Haba Baba! Wa kuka yaudara, ni ko ita?"

"Ba kya nan lokacin da cinyoyinta ke rawa," ya ce a hankali. "Ni nake gani."

Malama kuwa dariya ta yi har da riƙe ciki.

"Baba, ai dabararku daidai take, juya ta kawai kuka yi. Da doguwar kujera ake farawa, ana ragewa. Ku bar ta yadda take. Duk makon da ta yi goma ba ta wahala ba, ku yanke faɗin yatsa ɗaya. In ta gaji ko ta ji ciwo, a tsaya a kira ni."

"Yatsan wa? Nawa ko nata?"

"Naku, tunda ku kuka jawo."

Washegari ya ɗauki abin awonsa ya tafi makarantar, ya auno tsawon bencin ajinsu, ya zo ya ja layi da fensir a ƙafafun kujerar. Daga nan kowace Asabar sai an yi shari'a a tsakar gida. Shi ya ce a ƙara mako, ita ta ce, "Kaka, ka yanke, ko in kai ƙararka wurin Malama." Mutumin da ke raba katako kafin ka ƙifta ido, sai ya ɓata rabin awa yana wasa zarto. Akwai makon da zazzaɓi ya kwantar da ita, ba a yanke komai ba.

Wata huɗu aka yi kafin zarto ya kai layin. Ran nan ban je aiki ba. Auta ta zauna, gwiwoyinta sun tasa sama, ta rungume hannuwa. Baba ya tsuguna a gabanta, ya maƙale nasa hannuwan a baya don kada su ci amanarsa. Ta yunƙura, ta koma. Ta sake, cinyoyin na kakkarwa, ni ina cizon gefen mayafi. A na uku ta miƙe tsaf.

"Mama, a goge min kayan makaranta."

Na fashe da kuka. Baba ya zo tashi, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba, ya koma daɓas a kan garin katako.

"Tsoho ya maƙale," in ji Auta, ta miƙa masa hannu.

Ya kama, ta ja da iya ƙarfinta. Ɗaya hannun nasa na gani ya dafa ƙasa ta baya, inda ba za ta hango ba. Na bar shi.