Numfashin da Ya Kai Kaka Ang Gida

A shekarata ta ƙarshe a kwalejin koyon aikin kula da numfashi aka tura ni wani asibiti a Chiayi, ni kaɗai daga ajinmu. Sauran duk sun samu Taipei, kullum suna turo hotunansu suna cin abinci tare, kamar da gayya. Ni kuwa 'yar tsibirin Penghu ce, ban san kowa a garin ba. In na tashi aiki sai in sayi shinkafa da naman talotalo a kwali, in ci ina kallon bango. Kaɗaici ya ishe ni, ba kaɗan ba.

Aikina bai wuce duba injin numfashi da zuƙe majina daga tiyo ba. Marasa lafiyarmu ba sa magana, tiyo na maƙogwaronsu. Yaya Mei-chu, wadda take koya mini aikin, ita ma maganarta ba ta fi tasu yawa ba.

Wata safiya likita ya ce Kaka Ang, tsohon da ke gadon bakin taga, ba zai kai gobe ba. Mai kiwon kawa ne, wato irin dodon koɗin nan na teku, daga Budai. Ɗansa tilo yana can tsakiyar teku a jirgin kamun kifi, matarsa kuma ba ta iya hawa mota. Ta aiko da roƙo ɗaya: a kawo mata shi da sauran numfashinsa. A ƙauyensu wanda ya cika a waje ba a shigar da shi falon gida gaban allunan sunayen kakanni, sai dai a kafa masa rumfa a bakin titi.

Aka cire shi daga inji, aka haɗa tiyonsa da jakar robar nan da ake matsawa da hannu. Yaya Mei-chu ta miƙo mini ita.

"Yu-chiao, kin ci jarrabawar matsa jaka?"

"Na ci, Yaya. A jikin mutum-mutumin roba."

"To wannan in kin tsaya, shi ma ya tsaya. Shiga mota."

Direban motar asibitin, Kawu Liao, bakinsa jajir da taunar binlang, irin goronsu na can, ya leƙo ya ƙare mana kallo.

"Ina dangi? Wa zai kira masa gada?"

Na san al'adar, mu ma muna yi. Duk gadar da za a haye sai an gaya wa mai tafiyar, don kada kurwarsa ta tsaya a bakin ruwa ta ɓace. Amma jini ne ke kira, ba baƙo ba.

"Ke ce kusa da kunnensa," in ji Yaya Mei-chu, idonta na kan na'urar bugun zuciya.

Muka kama hanya. Ina matsawa, ƙirjinsa na tashi, ina saki, yana sauka. Da muka tunkari gadar farko na sunkuya na ce, "Kaka, za mu haye gada."

"Kai, 'yar Penghu!" in ji Kawu Liao. "Sauro ya fi ki murya. Tsohon nan kurma ne tun yana da lafiya, ɗaga!"

Haushi ya kama ni, na ɗaga murya har Yaya ta zabura. Daga nan bakina ya buɗe. Na gaya wa Kaka mun wuce gonakin rake, na gaya masa ga tafkunan kifi, ga warin teku ya fara shigowa. Rabon da in yi wa wani doguwar magana haka tun da na zo garin, kuma wanda na samu ba ya iya amsawa.

Muna gab da gada ta ƙarshe na'urar ta canza kuka. Yaya ta taɓa wuyansa, ta daɗe, sannan ta kashe ƙarar. A kwaleji an koya mini ma'anar wannan layin da ya miƙe a fuskar na'urar: zuciya ta tsaya. Na ɗago na dube ta.

"Yaya..."

"Na ce ki tsaya?"

Na ci gaba da matsawa, ƙirjinsa na tashi yana sauka. Kawu Liao ya tofar da binlang ɗinsa, bai ƙara zolaya ba. Na sunkuya na ce, "Kaka, gada ce, biyo mu, saura kaɗan."

Gidan jan bulo ne, ɓawon kawa tsibi-tsibi a ƙofa. Maƙwabta sun riga sun shimfiɗa katako a falo. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa da sanda, 'yar ƙaramar tsohuwa, ta tare hanya. Ba ta kalli Yaya ba, hannuna ta kalla.

"'Yata, da numfashinsa ya zo?"

Na matsa jakar a hankali, ƙirjinsa ya tashi a gaban idonta.

"Da numfashinsa, Kaka."

Ta matsa gefe. "Tsoho, ka iso gida. Ɗaga ƙafa, ga dokin ƙofa."

Sai da aka kwantar da shi gaban kakanninsa Yaya ta dubi agogo, ta zare tiyon.

Muka kamo hanyar komawa. Jakar na kan cinyata, yatsuna sun ƙage, sun ƙi miƙewa. Da muka hau gadar nan na buɗe baki zan kira, sai na ga gadon babu kowa.