Ruwan da Bai Yi Tururi Ba

"Wai ruwan wankin nan da ɗuminsa jiya kuwa?"

Ba ita manajan gonar kajin yake tambaya ba. Direba yake wa magana can bakin ƙofa, shi kuwa kafaɗa kawai ya ɗaga. Amma ga tambayar ta biyo ta har teburin jera ƙwai. Tsini ƙasa, gindi sama... haka ake jera su.

Ƙwai numfashi yake, 'yar nan, in ji Iya mai tsince fasassu ranar da ta fara aiki. Ɓawon duk ƙofofi ne da ido ba ya gani. In ruwa ya fi shi ɗumi, datti ya tsaya waje. In ya fi shi sanyi kuwa, sai ya zuƙe: kashin kaji, ƙwayar cuta, duka. Dariya ta yi cikin mayafi a lokacin. Ƙwai da numfashi!

Jiya... ai da idonta ta gani. Maigidanta, shi ke kan injin wankin ƙwai. Ya tsoma hannu, ya fitar. Babu tururi. Ya dubi fitilar hita, a mace. Ya dubi motar da ke jira, ya dubi ƙofa — ita ce dai bai duba ba. Ya ci gaba da lodi.

Ƙwan suka fito fes, kamar na biki. Wa zai ce akwai wani abu a ciki?

Yanzu suna ina? Shagon wa? Wace uwa ce ke fasa wa ɗanta, gwaiduwa ruwa-ruwa, tana hura masa kada ya ƙone... Kai. A'a. Wataƙila ba abin da ya shiga. Wataƙila Iya tsoratarwa ce kawai irin ta tsofaffi.

"Amarya, aljani kika gani ne, ko angon ne bai bar ki kin yi barci ba?" Iya ce, tana ƙyaƙyata dariya. Ta sunkuyar da kai.

In ta buɗe baki, korarsa za a yi. Ya dube ta da wane ido? Surukarta ta ce daga zuwanta... In ta yi shiru —

Kiret ɗin ƙwan da aka ba ma'aikata jiya. Yana gida, kan firji, shi da kansa ya ɗauko. Ko shi ma bai yarda da zancen Iya ba ne? Ko ya manta cikinta ya fara tasawa?

Za ta kifar da shi bayan gida, ta ce zamewa ta yi. Nasu ke nan. Na sauran mutane...

Ta ɗauki wani ƙwan. Tsini ƙasa, gindi sama. Ko Iya ba za ta ji daga bakinta ba.