Tagar da Aka Toshe da Leda

"Wa ya yage ledar nan?" Manaja ya tsaya a tsakar gida yana nuna tagar ɗakin mahaifinsa da makullin mota.

"Ni ce," in ji Uwar Biyu, ba ta ko ɗago daga wankin da take yi ba. "In ka mayar ma zan sake."

Sati biyu ke nan da Manaja ya sauke 'yan tsaki ɗari uku a ɗakin tsohon, wanda ƙofarsa ke kallon tata a gidan hayar. Ya baza dusar katako a ƙasa, ya toshe taga da leda, ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa, ya ajiye murhun gawayi biyu don kada sanyi ya kama su. Baba kuwa, tsohon tela da ido ya gaza, aka tura katifarsa lungu, ya zama mai gadin kaji.

"Kin san abin da iska ke yi wa tsaki?" in ji Manaja. "Mura ɗaya, sai dai a kwashe da shebur."

"Ka san abin da hayaƙi ke yi wa mutum? Shiga ka yi minti biyar in ka isa. Warin kashin nan har ido yake yaji. 'Ya'yana ma na hana su zuwa bakin ƙofar."

Baba ya leƙo yana tari, ɗan tsako ɗaya a tafin hannunsa, yana goge masa bayan da kashi ya manne.

"Haba 'yata, bar shi. Ni da kaji ai mun zama 'yan ɗaki ɗaya. Su yi tari, in yi tari, ba mai yi wa wani gori."

"Baba, ba abin dariya ba ne. Jiya da ka miƙe sai da ka dafa bango."

"Tsufa ne."

"Gawayi ne!"

Manaja ya ɗauko guduma daga mota. Wannan karon leda biyu ya haɗa, ya bi gefenta da ƙusa, sannan ya juyo. "Sati ɗaya ya rage su yi gashi, a cire wutar. Kowa ya ji da ɗakinsa, Hajiya likita."

Da yamma ta kai wa Baba ruwan zafi, ta roƙe shi ya riƙa kwana a baranda, ga tabarma, ga bargon maigidanta. Ya ce to. Daga baya ya ce ai in wuta ta mutu tsakin kan taru a lungu su danne juna, yaron nan kuma ya zuba duk ƙarfinsa a kansu. Ta buɗe baki, sai ɗaya daga cikin tagwayen ya fasa kuka. Ta tafi.

Kwana uku bayan haka aka wayi gari da ruwan sama. Har ta gama yi wa yara wanka ba ta ji tarin Baba ba. Ta buga ƙofa, shiru. Maigidanta ya sa kafaɗa ya ɓalle sakatar. Zafi da wari suka buge su. Baba na kwance a gefen murhu, mafici a hannunsa, ya riga ya sanƙare.

Manaja ya zo, ya durƙusa a bakin ƙofa ya yi kuka na gaske, har majina. Da aka dawo daga makabarta, ta ji shi yana ce wa masu gaisuwa, "Dama yana fama da ƙirji. Kwana ne ya ƙare."

Ta ajiye butar da ke hannunta.

"Kwana ya ƙare, ba musu. Amma ba kwana ne ya buga ƙusa a taga ba."

Maigidanta ya riƙo hannunta. "Ke, ba yau ba."

"Yaushe to? Da yana raye an ce ba ruwana."

Manaja ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

Ta rantse ba za ta ƙara taka ɗakin ba. Amma da la'asar, bayan mutane sun watse, kukan tsakin da suka rage ya cika gidan, tun safe ba wanda ya ba su ko ɗigon ruwa. Ta yi tsaki, ta goya ɗaya daga cikin tagwayen, ta miƙa wa ubansu ɗayan, ta ɗauki bokiti.

Tana cika mazubin ruwansu suka yo kansa, suna sha suna ɗaga baki sama. Wani ƙarami bai je ba. Ya hau kan ƙafarta, ya lafe a tsakanin yatsunta inda ɗumi yake, ya rufe ido.